Firijin da Barnaba Ya Bari a Falonmu

Anti Turai, don Allah ki taimake ni da shawara, kuma da wuri, domin gidana ya ɗau zafi a kan kwalba guda ɗaya tak. Ni dai na san ina da gaskiya, wannan ko tantama ba na yi. Abin da ban sani ba shi ne yadda zan bi da gaskiyar ba tare da na taɓa aurena ba.

Ni 'yar Kano ce, muna zaune a Kuala Lumpur, unguwar Danau Kota, ni da maigidana Maikano da 'yarmu Ulfa. Shi yana harkar aika kaya gida, ni kuma ina yin tuwo da masa ina sayar wa ɗalibai 'yan ƙasarmu, su zo su yi tapau, wato a ƙunshe musu, su tafi da shi ɗaki. Ƙofarmu tana kallon ta wani bawan Allah mai suna Barnaba, mutumin Filato, da matarsa Elizabeth da 'ya'yansu biyu. Kiristoci ne, amma zaman da muka yi da mutanen nan, ko ɗan'uwa na jini sai haka. Ranar da naƙudar Ulfa ta kama ni Maikano ba ya gari, Elizabeth ce ta kai ni asibiti da zanin girki a jikinta.

Barnaba a wani babban otal yake aiki, a sashen abin sha. Mun sani, ba mu taɓa tayar da maganar ba, shi ma bai taɓa kawo mana ita ba. Daf da shigowar korona mahaifiyarsa ta rasu, suka shirya tafiya gida gaba ɗayansu. Hayar gidansu ta zo ƙarshe, sai suka kai kayansu sito da niyyar kama wani gidan in sun dawo. Abu ɗaya ne ya ce ba zai je sito ba, wani ɗan ƙaramin firiji baƙi mai makulli. Ya turo shi har falonmu, ya roƙi Maikano kada a kashe shi, kada a jijjiga shi. Maikano ya dafa ƙirji ya ce ko mene ne a ciki ya shiga hannun amana. Ba mu tambaya ba. Wa yake tambayar abin da ke cikin ajiya? Haka aka rene mu, in an ba ka ƙulli ka karɓa, ka mayar da shi yadda aka ƙulla. Ni a raina na ɗauka magani ne.

Sai aka rufe ƙasa, su Barnaba suka maƙale a Jos. Mu ma nan aka kulle mu, ko kedai, wato shago, za ka je sai ka yi wa ɗan sanda bayani. Ni kuma ba na iya ganin abu tsirara a falo, sai na shimfiɗa wa firijin wani ɗan leshi mai kyau. Da aka rufe masallatai Maikano ya koma salla a falo, ya ga tsayin firijin ya yi masa daidai, sai ya mayar da samansa wurin ajiye Alƙur'aninsa da carbi. A gabansa yake shimfiɗa darduma. A gabansa ya ja mu tarawi, azumi biyu cur.

A farkon shekarar nan cutar ta kama Barnaba, Allah ya yi masa rasuwa. Na yi kuka kamar yayana ne ya mutu. Watan jiya Elizabeth ta kira ni, ta daɗe tana kewaye-kewaye, sannan ta faɗa mini. Giya ce a ciki, Anti. Irin mai kumfar nan da Turawa ke kira shamfen, kwalba ɗaya a kwance, wai an ɗura ta tun kafin yaƙin duniya na biyu, ta girmi kakana. Barnaba ya kwashe abin da ya tara na shekaru ya saye ta a gwanjo, ba irin gwanjonmu na Ƙofar Wambai ba, irin wanda attajirai ke tayawa suna ƙara farashi. Ita ma sai a gadon asibiti ya gaya mata. Ya ce ita ce karatun yaran. Yanzu ta yi magana da wani kamfanin gwanjo a nan, suna yin nasu ta intanet saboda cutar, sun ce a kai musu su duba kafin ƙarshen wata, in ba haka ba sai baɗi. Ita ba ta da hanyar shigowa. Ta aiko da makullin, ta roƙe ni in kai.

Da na gaya wa Maikano sai da ya zauna a ƙasa. Ya cire Alƙur'aninsa, ya koma salla a ɗakin kwana, ko kallon kusurwar ba ya yi. Ya ce Barnaba ya yaudare shi. Ya ce mai ɗaukar giya ma yana cikin tsinuwa, don haka matarsa ba za ta ɗauka ba, ko dai ya tuttular da ita a makwarara ko ya fitar da firijin wurin shara. A zafin garin nan, in aka cire wutar, an gama da ita. Na tsaya a gaban firijin na ce sai dai ya fara da ni. Na tuna masa cewa shi ya dafa ƙirji, ba ni ba, kuma wanda bai tambaya ba ba zai ce an yaudare shi ba. Na ƙara da cewa tsoron bakin mutane ne ke damunsa, ba tsoron Allah ba. To tun daga ranar abincina ma sai ya ga dama, a mamak, gidan sayar da abinci na bakin titi, yake cin nasa.

Abin da na yanke shi ne, ranar da zai fita aiki in kira mota, in naɗe kwalbar a tawul in kai ta, in ya dawo ya tarar an gama. Dukiyar marayu ce, kuma matar da ta riƙe hannuna a ɗakin haihuwa ce ta roƙe ni. Ban gaya wa Elizabeth rigimar ba, tana can tana zaton komai lafiya. Ki gaya mini, ba daidai na yi ba?

Maman Ulfa, Danau Kota

Maman Ulfa, Allah ya ba Elizabeth da yaran haƙuri, ke kuma ya saka miki da wannan zuciya. Amma tawul ɗin nan ki mayar da shi banɗaki, domin shawarar da kika yanke ba ta yi ba.

Inda kike da gaskiya, kina da ita. Kwalbar ba taku ba ce, ajiya ce, mai ita ya rasu, yanzu ta zama ta 'ya'yansa. Tuttular da ita ko cire mata wuta hallaka dukiyar wasu ne, mutanen da addininsu bai hana su ita ba. A kan wannan ki ci gaba da tsayawa.

Sai dai maigidanki ma ba shirme yake yi ba. Maganar ɗaukar giya ba shi ya ƙirƙire ta ba, kin san haka. Kuma ki duba abin da ya same shi. Mutum ya ɗora Alƙur'aninsa a kan abu, ya yi sujada a gabansa a lokacin da duniya ke cikin tsoro, sannan a ce masa giya ce a ciki. Wannan ciwo ne na gaske, ke kuma kika kira shi tsoron bakin mutane. Kalmar nan ita ta kai shi mamak, ba kwalbar ba. Ki janye ta a fili, ba da daɗin miya ba. Marigayin ma ya kamata a ce ya faɗa tun farko. Wataƙila kunya ce ta hana shi, wataƙila ya zaci zai dawo da wuri. Ki bar Maikano ya ji haushin wannan, haƙƙinsa ne.

Ni ba malama ba ce. Ku kira malamin da shi Maikano ya yarda da shi, ba wanda ke kika zaɓa ba, ya tambaye shi matsayin sallolinsa da kuma yadda ake fita daga irin wannan ajiya. Ina kyautata zaton zai ji abin da zai sanyaya masa rai, domin bai sani ba, amma daga bakin malam zai karɓa.

Sannan ki lura, ku biyun kun yarda a kan abu ɗaya, kowa so yake kwalbar ta bar gidan. Ba dole ne sai hannunki ya ɗauke ta ba. Ki kira Elizabeth yau, ki gaya mata halin da ake ciki. Ta tambayi kamfanin ko za su turo nasu ma'aikatan, sau da yawa sun fi son haka, don sun san yadda ake tafiya da irin kayan. In ba za su zo ba, ta wakilta wani daga 'yan cocinsu a rubuce, ya zo ya karɓi firijin a kulle da makullinsa. Ku kuwa kada ku karɓi ko sisi, ko da sunan kuɗin wuta.

In kika fitar da ita a ɓoye, marayu za su sami haƙƙinsu, amma Maikano zai zauna har abada a matsayin wanda aka ba amana matarsa ta ƙwace ta daga hannunsa. Ki bar shi ya buɗe ƙofa da kansa ranar da za a zo ɗauka. Bayan nan ya ɗaga waya ya gaya wa Elizabeth cewa ajiyar mijinta ta bar hannunsa lafiya. Shi Barnaba ya damƙa wa, daga bakinsa ya kamata ta ji.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya raya Ulfa, ya buɗa wa yaran nan hanyar karatunsu.

Anti Turai