Furen Inna a Ƙotar Bindiga

Daga Darra, garin maƙeran bindiga, zuwa ga Yaya Gulandama a Suwat.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan ƙafar Inna ta yi sauƙi, yara kuma suna lafiya. Mu ma alhamdu lillahi, sai dai idon maigidana Niyaz Wali ya dushe, ba ya iya ƙawata ƙananan bindigogi kamar da. Yanzu ni ke sassaƙa ƙotocinsu na ƙashin raƙumi a cikin ɗaki, shi kuma ya kai shago a matsayin aikinsa. Masu saye har tsokanarsa suke yi: "Tsoho, makanta ta ƙara maka gwaninta!"

Furen da Inna ta koya mana a ɗinki shi kaɗai hannuna ya sani, shi nake sassaƙawa a ƙotocin. Jiya wani ɗan ƙauyenmu ya sayi bindiga guda don ratayawa ranar bikinsa. Inna za ta gani, kuma za ta gane.

Don Allah ki riga shi zuwa wurinta. Ranar da aka harbe Baba na rantse mata ba zan taɓa bindiga ba. Na yi kaffara, amma kullum ina komawa kan aikin, domin in na daina, babu gurasa a gidan nan. Ko larura ce, ko raunin imanina, Allah ne masani. Ki roƙa mini gafararta, ki faɗa mata gaskiya: ban cika rantsuwata ba.

Ƙanwarki,
Bakhtawara