Ranar da Aka Ɗaura wa Praline Jar Alama

Opelousas, Louisiana

Zuwa ga Gwaggo Eulalie,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Ina fata kina lafiya, sanyin Alaska bai tayar miki da ciwon gwiwa ba. Allah ya ƙara miki lafiya. Mama tana nan lafiya, Baba kuwa ga shi nan dai. Ki yi haƙuri ban karɓi waya ba da kika kira, a baki ba zan iya faɗa ba.

Gwaggo, an raba ni da Praline, goɗiyar nan da na shayar da kwalba bayan uwarta ta mutu. Ta yi ta zuwa ta ƙarshe a sukuwa, sai Baba ya sa ta a irin tseren da kowa ke iya sayen dokin da ya ga dama kafin a tashi, mai doki ba shi da ta cewa. Na roƙe shi, ya ce in kwantar da hankalina, wa zai so dokin da kullum ƙura yake sha?

Ashe akwai masu so. Tsoho Ulysse, mai zama bakin shinge da agogo a wuya, ba ya duban wanda ya ci, gudun rabin farko yake aunawa. Ya tsokani Baba, wai goɗiyar ba raguwa ba ce, mahayinmu ne ke ƙona ta tun farko da gaggawa kamar ya bar miyar gumbo a wuta. Wai ranar da aka ɗan ja mata linzami, sauran sai dai su ga wutsiyarta. Baba ya yi dariya, ya ce agogon Ulysse ya fi Ulysse tsufa. Amma a gaban mutane aka yi maganar.

Ranar Asabar sabon mahayi ya riƙe ta a farko, ta kuwa ci. Na yi ihu, ni da ba a jin muryata. Ina gudu in rungume ta sai na ga ma'aikacin fili yana ɗaura mata jar alama. Alamar an saye ta ke nan, tun kafin a buɗe wa dawakai ƙofar tashi. Wani baƙo ya sa mata ragamarsa, ya miƙo mini linzaminmu, ƙarfen da sauran ɗumin bakinta. Tana waiwayowa, yana ja.

Ulysse ya zo gida da hula a hannu, wai ba shi ya saya ba. Baba ya ƙi fitowa. An ce Texas za a kai ta. Gwaggo, ba ta cin abinci sai an kunna mata rediyo a barga, su kuwa ba su sani ba. Ban san wa zan gaya wa ba.

Ki gaida Kawu Alcide da Marcelite. Ki sa ni a addu'a.

'Yarki,
Odile