A Bar Abbana Ya Sauko Daga Teku Kafin In Tafi

Zuwa ga Shugaban Sashen Haƙar Mai na kamfanin da mahaifina yake wa aiki, Nansha, Guangzhou.

Ranka ya daɗe, barka da aiki, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Sunana Hafsat, 'yar Injiniya Sani da ke rijiyarku ta cikin teku. Ni ba mai magana ba ce, ko a gida sai Umma ta ce in ɗaga murya. Gajiya ce ta sa na ɗauki biro.

Na ɗaya. Ƙa'idarku sati huɗu a teku, sati huɗu a gida. Abba ya tafi kwana uku bayan ƙaramar Sallah, yau wata huɗu ke nan. Naman layyar bana a gidan maƙwabtanmu 'yan Kumasi muka ci.

Na biyu. Na san dalilin, ya yi min bayani a waya har na haddace. Rijiyar ta tsufa, dutsenta na farar ƙasa ne, duk ya tsattsage. In kun tura ruwa ya koro mai, sai ruwan ya bi tsaga ya dawo muku, man yana nan maƙale cikin dutse. Shi ne kuke tura kumfa ta toshe tsagar, a zauna jiran sakamako. Sau uku kumfar tana bajewa, sau uku ana ce wa Abba ya ƙara haƙuri, don wanda yake canjinsa ya ajiye aiki, ba ku ɗauki wani ba.

Na uku. Na je ofishinku da ƙafata. Matar da ke karɓar baƙi ta ce min "meyo", wato babu a yarensu, wai laoban, wato shugaba, ya fita. Na zauna har azahar da littafina na soyayya a cinya, shafi ɗaya na kasa wucewa. A littafi dai wanda ake jira yana shigowa. Ni ba wanda ya shigo.

Ƙarshen watan nan zan cika sha takwas, takardar zamana ta ƙare, zan koma Kano wajen Gwaggo. Ban san ranar dawowa ba.

Don Allah ku kawo mai canjinsa. In ba hali, ku ba shi ko kwana uku ne ya raka ni filin jirgi. Man da ya kwanta shekaru aru-aru cikin dutse ba zai gudu a kwana uku ba. Ni kam tikitina yana hannu.

Allah ya ba ku abin da kuke nema a ƙarƙashin teku, ya raya maka zuri'a a gaban idonka.

Wassalam.
Hafsat Sani