Saniyar Buba a Fuskar Kalkuletarka

Zuwa ga aminina Malam Kabiru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Yaya zaman Kano, yaya kuma ɗawainiyar wannan lokaci? Mu nan Batsari alhamdu lillahi, ana ta lallaɓawa.

Ka tuna kalkuletar nan mai zane da ka danƙa mini a tasha, lokacin da aka rufe makarantarmu ta wajen Babban Duhu saboda 'yan bindiga? Ka ce in riƙe, in kuma bar yara su taɓa ta da hannunsu. A raina na ce, yaran da ke zuwa aji ba karin kumallo, me wannan za ta yi musu? Ashe kai ke da gaskiya.

Ajin da aka ba ni a nan cike yake da 'ya'yan waɗanda suka baro ƙauyukansu. A cikinsu akwai Buba, ɗan Fulani, wanda aka kore wa mahaifinsa shanu kaf. Duk da haka sauran yara kallon ɓarawo suke masa. Benci guda shi kaɗai, ba mai zama kusa da shi. Har ya fara tsallake ranaku, na kuma ji mahaifinsa na shirin cire shi gaba ɗaya.

Da muka zo darasin x sau x, maimakon in cika allo da lambobi, sai na fito da kalkuletarka. Na danna, layi ya lanƙwaso kamar ƙwarya. Na sa alamar ɗebewa a gaba, ƙwaryar ta kife. Da ka ga yadda suka taso suka yanyame ni! Na ce kowa ya nemo wani abu na gidansu ya zana mana da lissafi.

Abin ya zama wasa. Wani ya yi rufin rumbu, wata ta yi kunyoyin gona da layuka a jere. Akwai wanda ya yi niyyar zana tukunyar tuwo, ta fito a baje kamar faranti, ajin ya ce ai daidai ne, tuwon bana ma haka yake. Na yi dariya har da hawaye. Saboda tsadar batur, sai na ce kowa ya fara gwadawa a takarda kafin ya karɓa. Yaran da ba sa yin aikin gida suka koma roƙona in duba musu.

Buba ne ƙarshe. Ya karɓa, ya danna, sai ga layi biyu sun tashi sama suna buɗewa. Ya ce a hankali, ƙahon naggensu ne, wata farar saniya da ya raina tun tana maraƙa. Amma fuskar ta ƙi masa. Duk layin da ya sa sai ya zarce ya keta ƙahon.

Sai Rabi ta miƙe, wata yarinya 'yar Yasore, wadda aka ƙone wa iyayenta rumbuna, wadda kuma ta fi kowa ɗaure masa fuska. Na zaci fita za ta yi. Ta je ta zauna a bencinsa, ta nuna masa yadda ake faɗa wa layi inda zai fara da inda zai tsaya, don ita ta gano hakan wajen yin kunyoyinta. Kafin a tashi, wani ya ƙara kunnuwa, wani ya dage sai an yi tozo. Gardama ta kaure a kan tsawon wutsiya, Buba na tsakiya yana yanke hukunci.

Ranar kasuwa na aika a kira mini mahaifinsa. Dattijo ne siriri, marar yawan magana. Muka gaisa, Buba ya miƙa masa kalkuletar. Ya daɗe yana kallon ɗan gilashin nan, har na fara tsoron ko na tono masa ciwo. Can sai ya yi murmushi, ya ce, "Ita ce, Malam. Sai dai ƙahonta na hagu ya ɗan fi sunkuyawa." Buba ya rage lamba ɗaya, ƙahon ya sunkuya. Dattijon nan ya fashe da dariya, yana share ido da gefen rawani. Da zai tafi ya ce in ci gaba da riƙe masa yaron.

Kabiru, a wannan lokacin kai kaɗai nake nema in waiwaya in kalla. Na san yadda za ka tafa hannu ka tura hula ƙeya. Na yi kewarka, wallahi.

Allah Ya dawo mana da zaman lafiya, Ya mayar da kowa gonarsa da rugarsa, Ya sa albarka a yaran nan. Kai kuma Allah Ya saka maka da alheri, Ya buɗa maka inda kake. Ka gaishe mini da maiɗakinka da yara. Buba da Rabi sun ce lallai in gaishe ka, ko da yake har yanzu ba su daidaita a kan wutsiyar ba.

Naka har kullum,
Sanusi