Kwalbar da Baffa Ya Girgiza

Bauchi, Satumba 1960

Ya Hamsatu, farin watan Ƙofar Dumi, ruwan randa a tsakar rani, inuwar tsamiya ga wanda rana ta gasa, man shanu a kan tuwon Sallah! Karɓi gaisuwar mutumin da duk unguwarku ke yi wa dariya, har da ke, don an ce kin yi taki a bayan zana har kina riƙe ciki.

Kin san aikina a kulob ɗin Turawa: ɗura lemun kwalba. Kin kuma tuna ranar da kika fara ɗanɗana shi a gidan Liatu mai ɗinki, maƙwabciyarku? Ya tsikare ki a hanci, kika yi atishawa, kika ce ruwan nan da aljani a ciki. Wayyo atishawar nan! Ita ta raba ni da hankalina har yau.

Babu aljani, rabin raina, iska ce kawai. Daga wata tukunyar ƙarfe muke tura ta cikin ruwan sanyi da ƙarfin tsiya. Iya matsin da aka yi, iya iskar da ruwan zai haɗiye, ta ɓace a cikinsa kamar gishiri a miya. Muddin marfi na danne, ruwan nan zai kwanta lamo kamar bai san komai ba. Da an cire marfi matsi ya tafi, iska sai ta nemi hanyar gida. In a hankali aka buɗe, ta fita da sallama. In kuwa an girgiza, to, Baffanki ya ga yadda ake yi.

Ni da na zo gaishe shi, wace hidima ce ban yi wa kwalbar lemun da na kawo masa ba? Na naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma, na turo kekena da ƙafa tun daga unguwar Turawa don kada gargadar hanya ta motsa ta. Na durƙusa a zaure na miƙa. Sai Baffa Modibbo, Allah ya ƙara masa lafiya, ya ɗaga ta ya duba, ya yi mata abin da duk Bafulatanin kirki ke yi wa goran nono kafin ya sha. Ya girgiza, ya sake girgizawa, da kyau kuwa, sannan ya miƙo mini in buɗe.

Na san abin da zai biyo baya, wallahi na sani! Amma ta yaya mai neman aure zai buɗe baki ya gyara wa suruki? Kunya ta danne ni fiye da yadda marfi ya danne kwalba. Na yi bisimilla na ɓalle. Gemu, rawani, farar riga, har buzun salla, babu wanda bai samu rabonsa ba.

Yanzu Baffa ya ce abin da ya fito daga gidan Nasara yana kumfa ba shi da suna sai giya, kuma bayan bikin 'yancin kai zai mayar wa dangina goronsu. Giya, Hamsatu! Ni da ko tsamin kunu ba na so! Ladabina ne ya jiƙa shi, ga shi ladabin zai raba ni da ke. Kowa na murna wai ran ɗaya ga wata za a cire wa ƙasa marfi, ni kuwa na ga abin da cire marfi ke jawowa, ina tsoron ranar.

Ina son ki. Na daɗe ina haɗiye maganar nan, ina wucewa ƙofar gidanku kai a sunkuye, mutane na yabon natsuwata. Ina natsuwar take? Matsi ne kawai. In aka raba mu zan zama kamar lemun da ya kwana a buɗe, ga kala, ga kwalba, amma lami.

Ga wata kwalbar nan na aiko ta hannun Liatu. Ki jefa ta cikin randa ta yi sanyi, ki buɗe sannu a hankali a gaban Goggo, ta shinshina, ta kurɓa, ta kai wa Baffa shaida, don ita kaɗai yake ji wa magana. In kuwa ba ki so na, ki bar ta a buɗe ta kwana, da safe ki zuba wa kaji, zan gane.

Abu ɗaya nake roƙo don girman Allah: kada ki bari Baffa ya riƙe ta.

Naki, a rufe gam, babu mai buɗewa sai ke har ranar da za a rufe ni da ƙasa,

Hammajoda