Shekarun Yaya Hajara a Katin Awo

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji.

Yaya Hajara na da ciki wata uku. Ni na kai ta awo Shinkafi a kan babur, maigidanta yana Legas. Ta taga na ga an tambayi mata bakwai shekarunsu, biyar suka ce talatin. Yaya ma talatin ta ce. Haka take cewa tun tana da cikin ɗanta Usman, wanda yanzu shi ke kai awaki kiwo.

Malamar awo ta ce akwai gwajin jini da hoton ciki da ke nuna ko jariri na iya zuwa da irin lalurar autarki Rakiya. Yarinya ma tana iya haifa, amma an fi gani idan shekaru sun ja, don haka masu yawan shekaru aka fi turawa Gusau gwajin. Kuma gwajin da lokacinsa. Ba ya yanke hukunci, nuni kawai yake, a san ko gida za a haihu ko inda ake duba zuciyar jariri. Kin tuna yadda leɓen Rakiya ke yin baƙi in ta yi kuka.

Sai dai ba wanda ya san shekarun Yaya. Kowanenmu kin faɗa masa daminar da ya zo, ban da ita. Ɗiyar fari ce. Ko sunanta ba ki kama, sai dai ki ce, "Ke, waccan."

Na tafi Katuru wurin Gwaggo Asabe da ta goye ta. Ta ce rijiyar ƙofar gidansu, ranar sunan Yaya aka fara shan ruwanta. Na je na duba. Magini ya rubuta shekarar da tsinke a jikin siminti. Na lissafa, shekarun Yaya arba'in da ɗaya, Inna.

An gyara kati. Mun je Gusau, an ɗebi jini, sakamako sai mako biyu. Yaya ta ce duk yadda ya zo nata ne, kamar yadda kika riƙe Rakiya. In mace ce sunanki za ta ci, kin ga ita ma Yaya ba za ta iya kiran sunan ba.

Ban ga laifinki ba, kunya ce. Amma na sayi littafi da biro. Wannan jaririn, ranar da ya faɗo zan rubuta.

Allah Ya haskaka makwancinki, Ya sauke waccan taki lafiya.

Ɗanki,
Bello
Shinkafi