Buhu Talatin Daga Gonar Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, kai da matarka da yara. Yaya jikin Baba? Ka gaishe shi, amma wannan wasiƙar kada ka karanta masa.

Ka san aikina a kamfanin nan. Duk buhun kofin da ya shigo sito, ni ke bin lambar da ke jikinsa har in gano gonar da ya fito, don masu saye na ƙasashen waje ba sa karɓar kofin da aka sare daji aka shuka. Ranar Talata sai ga lambar gonarmu a jikin buhu talatin. Har da hoton Baba a takardar, yana murmushi. Daɗi ya kama ni, na buɗe hoton da tauraron ɗan'adam ya ɗauko daga sama don in nuna wa abokiyar aikina inda na girma. Yaya, masara na gani. Babu itacen kofi ko ɗaya.

Na ce mata na'ura ce ta yi kuskure. Don Allah ka ce mini kuskure ne.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Auta

Auta,

Wa'alaikumus salam. Kowa lafiya. Wato sai da na'ura ta leƙo mu daga sama kika tuna muna da gona? Shekara huɗu rabonki da gida, 'yar birni.

Ba kuskure ba ne. Shekarar da idon Baba ya rufe, ciwon nan mai mayar da ganye kamar tsatsa ya shiga gonar. Na yi feshi har hannuna ya saɓule, a banza. Da kaina na sare itatuwan, har da layin da ya shuka shekarar da aka haife ki. Ban gaya masa ba. Mutumin da ya rasa ido, ya rasa Inna cikin wata shida, in zo in ce masa gonar ma ta tafi? Duk sanda ya ce a kai shi, sai in ce ruwa ya cinye hanya.

Kofin na mutanen bayan tudu ne, waɗanda suka yi gona a cikin gandun daji. Su suna da kofi ba su da lamba, mu muna da lamba ba mu da kofi. Duk kaka ana sauke buhunan a tsakar gidanmu su kwana biyu. Baba ya zura hannu ciki, ya sansana, ya ce, "Kai, bana ƙasa ta yi mana halacci." Ranar har ƙarin abinci yake nema.

Ki sa hannu kawai a wuce wurin. Wa zai sani?

Yayanki

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaida kowa. Na karanta wasiƙarka a banɗakin ofis, na yi kuka har na gode Allah.

Kwana uku takardar tana cikin aljihun teburina. Ban sa hannu ba, ban kuma kai ƙara ba, na kasa duka biyun. Ashe abokiyar aikina ba ta yarda da zancen kuskure ba, ta kai maganar gaba. Shugabanmu ya kira ni, ya ce tun da mai gonar mahaifina ne, dole in cire hannuna. Ya karɓe takardar, ya kuma hana ni zuwa gida sai an gama bincike.

Za a turo jami'i ranar tara ga wata. A ƙa'ida, mai gona da kansa zai zagaya iyakarta tare da shi, sannan ya dangwala yatsa. Na ce masa Baba ba ya gani, na roƙa a bar ka ka wakilce shi. Ya ce ba shi ya kafa dokar ba.

Yaya, babu abin da ya rage a hannuna. Ka gaya wa Baba kafin ranar. Gara ya ji daga bakinka.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya.
Auta

Auta,

Salam. Ban iya ba. Sau uku ina zama gabansa, sai in ɓige da zancen awaki.

Jami'in ya zo. Baba ya sa babbar rigarsa, ya ce yau ko ruwa ya cinye hanya sai ya hau tudun nan ya je gonar. Ni na goya shi a wurin hawan. Duk hanya yana ba mutumin labarin kowane layi da shekarar da ya shuka shi. Da muka isa ya sauka, ya miƙa hannu, ya kama ganyen masara. Ya matsa gaba ya kama wani. Ya daɗe yana tafiya haka, mu muna tsaye. Jami'in ya kawar da kai. Daga baya Baba ya miƙa yatsa ya dangwala, bai tambayi abin da aka rubuta ba.

An soke lambarmu. Baba bai yi mini faɗa ba, wallahi da ya yi da na fi samun sauƙi. Jiya ne kawai ya kira ni ya ce, "Auta dai ba ta sani ba, ko? Da ta sani, ita ba za ta ɓoye mini ba."

Sai na tashi na nufi wurin awaki. Ki rubuto mini abin da zan ce masa.

Yayanki